Gurbin Amshi a Waƙar Alhamis

Baƙaƙen riguna ne suka haɗa ni da su. Wata ranar bazara, irin ranar da ko ƙadangare ba ya son fitowa fili a Dogon Dutsi, samari huɗu suka shigo rumfata da baƙin yadi, suka ce in ɗinka musu riguna iri ɗaya, ba aiki a wuya, ba aljihu. Na dubi yadin, na dubi ranar da ke dukan kwalta a waje, na tambaye su ko gasa kansu suke so su yi. Suka yi dariya. Dogon cikinsu, wanda daga baya na gane shi ne mai waƙarsu, ya ce su orkes ne, wato ƙungiyar makaɗa, kuma irin kiɗan da suke yi baƙin kaya ake sa masa. Sunan kiɗan wai metal. A salula suka fara jin shi, wani ɗan'uwansu ya zuba musu daga Yamai, tun daga nan barci ya ƙaurace musu sai da suka haɗa nasu da Hausa. Da suka zo karɓar rigunan ya ce in zo ranar Alhamis bayan la'asar in ga inda ɗinkina yake aiki.

A lokacin ban daɗe da zuwa garin ba. Daga wajen Dumega na taso da kekena na ɗinki bayan rasuwar mahaifiyata, don gidan ya yi mini faɗi. Sai na tarar birni ma yana da nasa faɗin. Ɗaki ɗaya na kama haya, in fito da safe in buɗe rumfa, in rufe da magariba in koma. Tela yana da mutane da yawa idan salla ta matso, kowa da murmushi, kowa yana kiran ka ɗan'uwa. Da salla ta wuce, sai a gaishe ka daga kan babur ba tare da an rage gudu ba. Akwai ranakun da in ban da gaisuwar masallaci ba na buɗe baki da kowa. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, ba na kuma jin kunyar faɗi.

Shi ya sa na je, ba don kiɗan ba.

Wurin wani fili ne a bayan garejin gyaran motoci, can gindin dutse, an kewaye shi da darnin kara. Akwai iccen bedi guda, wanda wasu ke kira dogon yaro, da tsofaffin tayoyi da ake zama a kai, da ƙaramin injin wuta da ake ja da igiya sai ya ga dama ya tashi. Da suka fara, na ɗauka wani abu ne ya lalace. Gitar tana gurnani kamar injin niƙa ya ci dutse, mai ganga yana duka kamar sun yi faɗa da fatar, shi kuma dogon nan ya sunkuyar da kai yana fito da wata murya daga ƙasan maƙogwaro. Wata tsohuwa 'yar bori da ke unguwar ta leƙo ta saman darni, ta saurara na ɗan lokaci, aka tambaye ta wace iska ce ta hau yaron. Ta ce duk iskokin da ta sani ba mai irin wannan murya, wannan mura ce, a ba shi citta. Har na miƙe zan tafi, wani ƙaton saurayi ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, da ke zaune kusa da ni ya riƙo gefen rigata ya ce in dakata, ba a zo wurin ba tukuna.

Wurin da yake nufi yana cikin waƙarsu ta cin rani. Waƙa ce a kan yadda gari ke zama bayan an cire amfanin gona: samari sun ɗaure jaka, wasu sun yi kudu bakin teku, wasu wurin haƙar zinariya, an bar tsofaffi da mata da 'yan tsirarun da ba su da inda za su. Kiɗan ya yi ta hawa yana hawa, har ka ji ƙirjinka yana rawa, sai mai waƙar ya ɗago kai ya yi tambaya:

"Su wa sunka rage gari?"

Nan take komai ya tsaya. Mai ganga ya ɗaga sandunansa sama, mai gita ya dafe tsirkiya da tafin hannu. Shiru, har kana jin kukan injin wuta. Sai duk wanda ke filin, daga na kan taya har na tsaye a bakin darni, suka amsa da murya ɗaya:

"Muna nan, ba mu tahi ba!"

Kiɗan ya sake faɗowa a kanmu. Da tambayar ta zagayo karo na biyu, na ji muryata a cikin ta mutane ban san lokacin da na buɗe baki ba. Rabon da in ji muryata ta haɗu da ta wasu tun ina yaro ana gayya a gonakin ƙauyenmu.

Daga baya ɗan kabu-kabun ya ba ni labarin yadda gurbin ya samo asali. Ba su suka tsara shi ba. Wata Alhamis ce injin wutar ya mutu daidai kan tambayar, aka bar mai waƙa da baki buɗe. To mu mutanen Arewa ba mu iya barin mai waƙa rataye ba. A daka, a noma, a wurin masu goge, duk inda aka jefa waƙa sai an samu mai cafewa, ko da kuwa ba a gayyace shi ba. Wata mai fura da ke kawo ƙwaryarta bakin filin ce ta fara amsawa, saura suka bi. Mako na gaba, da wuta lafiya lau, 'yan kiɗan da kansu suka tsaya a wurin suka jira. Tun daga nan waƙar ta zama rabi tasu rabi tamu. Sauran waƙoƙinsu ma suka riƙa barin ƙananan gurabu, amma wannan ce uwar.

Haka Alhamis ta zama ranata. Ina idar da la'asar nake lulluɓe keke, ko da mai kaya yana tsaye a kaina. Ina da tayata a gindin bedi, wadda in baƙo ya zauna a kai akan ce masa ya matsa, ta tela ce. Ba mu da yawa, amma mun san juna. Akwai ɗan kabu-kabun nan mai muryar da ke rufe ta kowa. Akwai wani mushe, yadda muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, siriri mai tabarau, wanda ke kaɗa kai har tabaran su faɗi. Akwai mai fura. Wani lokaci makiyaya biyu ko uku sukan tsaya da sandunansu a kafaɗa, ba sa dariya ba sa rawa, amma in aka zo gurbin sai ka ji sun amsa. Kafin kiran magariba an kashe inji, mu zauna a sha shayi, a yi wa mai waƙa tsiyar murarsa. A filin nan aka fara tambayata ina na shiga idan ban zo ba.

Sai wani ya ɗauke su a salula, hoton ya yi yawo. Aka kira su Dosso. Mu muka raka su tasha, muka taya su ɗaure akwatunan sauti a saman mota, ɗan kabu-kabu yana ta busa oda kamar rakiyar alhaji. Daɗi ya cika ni ranar, don rigunan da na ɗinka ne za su shiga babban gari. Sun dawo da labari, aka ci gaba da Alhamis. Bayan nan aka kira su Ƙonni, sai Yamai, sai Maraɗi, sai wasu garuruwan da ban taɓa takawa ba. Da farko sukan faɗa mana ranar tafiya da ta dawowa. Daga baya su kansu ba su sani ba, daga wannan gari ake wucewa da su wancan. Wata sabuwar kalma ta shigo bakinsu, turne, wato zagayen wasa gari-gari.

Mun sha gardama a kan abin a gindin bedi, a ranakun da muka zo muka tarar ba su nan. Ɗan kabu-kabu yana ganin alheri ne tsantsa. Ya ce kiɗan da bai fita gari ba a gari zai mutu, kuma duk inda suka sauka sun ƙara masoya, in sun dawo za mu ga filin nan ya yi mana kaɗan. Mushe ya ce masoyin da ya gan ka sau ɗaya a shekara ɗan kallo ne, gobe wani orkes ya zo shi zai bi. Ni ban iya tsara magana kamarsu ba. Abin da na ce kawai shi ne, mutum ba ya rufe rumfarsa ya tako har gindin dutse don ya kalli awaki. Awakin mai gareji ne kuwa suka gaje filin, suna cin darnin a hankali.

Ba rana ɗaya aka watse ba. In an zo sau biyu sau uku ba a tarar da kowa ba, sai mutum ya samo wa yammacinsa wani abin yi. Mai fura ta mai da ƙwaryarta tasha. Makiyaya suka daina biyowa ta nan. Aka yi wa mushe canjin wurin aiki zuwa Ɗan Kassari, ya zo rumfata ya yi mini sallama. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne ɗan kabu-kabu. Yammacin Alhamis ɗinsa ya zama fanko, abokansa 'yan kasuwa suka ja shi wurin karatu a masallacinsu, ya ji ya gamsu. Ya bar gemu, ya kawo mini wandunansa na rage musu tsawo, ya gaya mini cikin ladabi cewa ya bar sauraren kiɗa, yana kuma yi mini fatan haka. Ban yi fushi da shi ba, ya sami mutanen da in ya je zai tarar da su. Ni dai na ci gaba da zuwa. In zauna a kan tayata, in kori akuya, in ji kiran magariba in tashi. In ka tambaye ni me nake jira, ba ni da amsa mai kyau. Gani nake in na daina zuwa, ranar da suka dawo ba za su sami kowa ba.

Wata rana wani saurayi ya kawo ɗinki, yana jira yana kallon salula, na ji gurnanin gitar da ko a mafarki zan gane. Na ce ya miƙo. Su ne a Yamai, a kan dandamali mai fitilu, mutane kamar ranar kasuwa. Rigunan jikinsu baƙaƙe ne amma ba nawa ba, na kanti ne masu zane a ƙirji. Wannan bai dame ni sosai ba. Waƙar cin rani suke yi. Na ajiye almakashi, na gyara zama, kiɗan yana hawa ni ma numfashina yana hawa. Mai waƙa ya jefa tambayar. Na buɗe baki. Ba su tsaya ba. Mai gita ne ya shige wurin da gudu, yana ta wasa da yatsu, ya cike gurbin taf, jama'a suna ta ihu. Na sa yaron ya mayar da baya ko ban ji daidai ba. Daidai na ji. Na ba shi salularsa, na ce ya dawo gobe ɗinkin bai samu ba.

Da suka leƙo gida kwana biyu tsakanin wata tafiya da wata, mai waƙar ya zo gaishe ni. Ya rame, muryarsa ta ƙara dushewa. Ban bari ya gama zama ba na tare shi da maganar, kuma ban tausasa ba. Na ce sun sayar da abin da ba nasu kaɗai ba ne. Bai yi musu ba. Ya ɗauki wani ƙyalle yana juyawa a hannu, ya ce:

"Yaya tela, ran da munka tahi Dosso mun tsaya. Na yi tambaya, munka ɗauke hannu, muna jira. Ba wanda ya ce uffan. Sai anka fara fito, wai kayanmu sun lalace. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba."

Ya ce sun sake gwadawa a gari na gaba, har ya koya wa mutane amshin kafin a fara, suka yi shi sau ɗaya cikin dariya suka manta. A can, in ji shi, mutane suna da yawa ƙwarai, amma bai taɓa ganin fuska ɗaya sau biyu ba. Amshi kuwa sai wanda ya zo jiya, ya zo yau, zai kuma zo gobe. Na ce masa ai mu mun zo. Ya ce ya sani. Ya kuma ce in gaya masa gaskiya, da sun zauna a bayan gareji har yau, da me za su riƙe gidajensu, yanzu da biyu daga cikinsu suka yi aure. Na zuba masa shayi, muka sha, kowa yana kallon titi.

An daɗe bayan haka, har darnin filin ya ƙare a cikin awaki, sai na ji a rediyo za su yi babban wasa a gida. Ba a bayan gareji ba, a wani babban fili mai katanga da ƙofar ƙarfe a cikin gari, bayan la'asar. Na yi wanka, na sa rigata mai kyau. Da na fito bakin titi neman abin hawa, wanda ya tsaya a gabana tsohon abokina ne, ɗan kabu-kabu. Ya san inda za ni, bai tambaya ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Na hau, muka tafi. A bakin ƙofa na sauka, na ce ko zai leƙa. Ya girgiza kai. Har ya tada babur, sai ya juyo ya ce:

"In sun tsaya, kak ka bar su rataye."

Filin ya cika, gaskiyar abokina ta fito ta wannan gefen. Ban taɓa ganin taro irin wannan don su ba. Yara ne samari da 'yan mata, da yawansu suna lakwal lokacin da muke zama a gindin bedi, a salula suka san orkes ɗin garinsu. Suna magana rabi Hausa rabi Faransanci, kowa ya ɗaga salula sama yana ɗauka. Na kutsa na zagaya ina duban fuskoki, ko mai fura, ko mushe ya sami labari ya zo, ko wani daga cikin na bakin darni. Ban ga ko ɗaya ba. Na sami wuri daga gefe kusa da gaba na tsaya. Sun ƙware, wannan ba a musu. Mai ganga ya daina faɗa da fata, yanzu ya san abin da yake yi. Yaran suna tsalle suna kaɗa kai, na taya su murna a raina, amma ji nake kamar na zo bikin da ban san ango ba.

Can wajen ƙarshe suka ɗauko waƙar cin rani. Na ce wa kaina kada in sa rai. Kiɗan ya fara hawa. Mai waƙar yana sunkuye, sai ya ɗago yana duban jama'a daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai neman wani a tasha, har idonsa ya faɗo kaina. Ya ɗaga hannu ɗaya ta baya, wajen abokansa.

"Su wa sunka rage gari?"

Mai ganga ya ɗaga sanduna. Mai gita ya dafe tsirkiya. Filin ya yi tsit. Na ga kawuna suna juyawa wajen injin wuta, wani a bayana ya ja tsaki ya ce an ɗauke wuta. Na jira ɗan kaɗan ko wata murya za ta taso daga wani lungu in bi ta, don ban taɓa farawa ba, kullum a cikin mutane nake shigewa. Ba ta taso ba.

"Muna nan, ba mu tahi ba."

Ashe muryata ƙarama ce. Duk shekarun nan ban sani ba, ta ɗan kabu-kabu ce ke ɗauke da ita. Ta fita siririya, tana rawa, ko tsakiyar filin ban ce ta kai ba. Na kusa da ni suka juyo, wata yarinya ta mai da salularta kaina tana dariya, ba ta mugunta ba, ta ɗauka wani tsoho ne ya zauce. Kiɗan ya faɗo. Da tambayar ta zagayo ya sake tsayar da su, na sake amsawa. Duk inda gurbin yake a waƙar sai da ya bar shi a buɗe, ni kuma ban bar ko ɗaya ya wuce ba, har maƙogwarona ya fara zafi. Na yi zaton a na ƙarshe yaran za su kama su taya ni. Suna dai ta ɗauka.

Ana gamawa aka fara kwasar kaya, don washegari da sassafe ana jiransu a Ƙonni. Mutane suka yanyame su ana ɗaukar hoto. Mai waƙar ya hango ni ta saman kawuna, ya dafa ƙirji. Na dafa nawa, na fita da ƙafa na kama hanyar masallaci.

Da safe ina cikin ɗinki, babur ya tsaya a bakin rumfata. Abokina ne, bai sauka ba, bai ma kashe inji ba. Muka gaisa. Yana duban madubi ya ce:

"Sun tsaya?"

Na ce sun tsaya.

"Wa ya amsa?"

Na ce ni.

Ya jira in ƙara sunan wani a kai. Da ya ga ban ƙara ba, ya sunkuyar da kai, sai wata mata ta kira shi daga tsallaken titi da kayan cefane. Ya ce sai an jima, ya tafi ɗaukarta. Ni kuma na mai da ƙafa kan keke na ƙarasa hannun rigar da na fara.